Ɗana yana mintsinin ƙanwarsa, in ta yi kuka ya hau dariya

Tambaya

Assalamu alaikum. Ina da yara biyu. Babban namiji ne, shekararsa 4 da wata 7, ƙanwarsa kuma shekara ɗaya da rabi. Tun da ta fara tafiya ya sa ta a gaba. Da na juya baya sai ya mintsine ta ko ya fizge abin da ke hannunta, in ta fashe da kuka shi kuma ya hau dariya. Kwanaki na iske ya ɗaure ɗan tsako da zare a ƙafa yana jan sa a tsakar gida. Jiya kuma almajirin da ke karɓar abinci a gidanmu ya yi sallama, sai na ji yaron nan yana ce masa "tafi, ƙazami." Na yi duka har na gaji. Ina sa shi ya ce "yi haƙuri," ya faɗa, bayan minti biyar ya koma. Babansa cewa yake namiji ne, a ƙyale shi. Kakarsa kuma ta ce ƙuruciya ce. Ni dai tsoro nake ji kada ya tashi da muguwar zuciya. Yaya ake koya wa yaro tausayi?

Wata uwa daga Zariya

Amsa

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya raya miki su, ya shirya mana baki ɗaya.

Bari mu fara da abin da ya hana ki barci. Mintsini da jan ɗan tsako da baƙar magana ga almajiri ba su isa a ce yaro ɗan shekara 4 yana da muguwar zuciya ba. Kakarsa ta yi gaskiya da ta ce ƙuruciya ce. Inda muka rabu da ita shi ne a zuba ido a jira ta wuce da kanta, domin ƙuruciyar da ba a sa wa linzami ba ita ke rikiɗa ta zama hali, hali kuwa zanen dutse ne.

Akwai wata magana a wasiƙarki da muke so ki sake dubawa: "tun da ta fara tafiya." Ruwa ba ya tsami banza. Lokacin da take bayanki a goye, ba ta tsare masa komai ba sai ke. Yanzu ta miƙe, tana kai hannu kan motarsa ta gwangwani, tana rushe abin da ya gina da ƙasa, tana tsoma hannu a kwanonsa, kuma duk rigimar da ta tashi hukuncin ɗaya ne: "kai ne babba, bar mata." A lissafinsa an kawo wata ta ƙwace masa uwa, ta dawo tana ƙwace masa kaya, alƙalin gidan kuma nata ne. Ba shi da bakin da zai faɗi wannan, sai farce.

Dariyar da ke ƙona miki rai ma tana da fassara. Yaro a irin shekarunsa yana son duk abin da zai taɓa ya ga ya yi aiki, kamar yadda zai tsaya yana danna makunnin fitila sau ashirin. Ya matse fatar ƙanwarsa kaɗan, ta ƙwalla ƙara, ke kuma kin yar da muciya kin fito a guje. Duk gidan babu abin wasan da ke biyan sa kamar wannan. Wani lokacin kuma dariyar tsoro ce. Ya san ya yi laifi, ya ga fuskarki, ya rasa inda zai sa kansa, sai ya washe baki. Manya ma suna yin irinta in an kama su dumu-dumu.

Tausayi yana da sassa, kuma ba rana ɗaya suke nuna ba. Akwai jin zafi a rai idan wani ya ji zafi. Da wannan ake haihuwar ɗan Adam, shi ya sa a ɗakin masu jego na asibiti jariri ɗaya zai callara kuka, sauran su amsa masa. A 2006 wasu masu bincike biyu a birnin Leipzig na Jamus, Felix Warneken da Michael Tomasello, sun gwada yara 'yan wata 18. Babba yana shanya, sai abin maƙale kayan ya suɓuce masa ya faɗi, ya miƙa hannu kamar ya kasa kaiwa. Kusan duk yaran sun taimaka a irin waɗannan gwaje-gwaje, su taso su ɗauko su miƙa masa, ba a roƙe su ba, ba a kuma yi musu alkawarin komai ba. Wato irin tausayin na nan cikin ɗanki, ba a kasuwa za ki sayo shi ba. Sashe na biyu shi ne gane cewa abin da ke ran wani daban ne da abin da ke raina: ni ina jin daɗin wasan, ɗan tsakon kuwa azaba yake sha. Wannan sai wajen shekara 4 zuwa 5 yake fara zama da kyau, ɗanki ke nan a bakin ƙofarsa. Na uku birki ne, iya riƙe hannu lokacin da rai ya ɓaci, kuma shi ne mafi jinkiri, har bayan balaga ana gininsa. Don haka in ya ce "yi haƙuri" ya maimaita bayan minti biyar, ba lalle raini ba ne. Ya san dokar, birkin ne bai kama ba tukuna.

Yanzu maganar duka. Ana cewa jiki ya fi kunne ji. Jiki yana ji kam, amma me yake ji? Ya mintsini wadda ya fi ƙarfi don ta ɓata masa rai. Ke kuma kin tsula masa tsumagiya don ya ɓata miki rai, kin kuma fi shi ƙarfi. Darasin da ya shiga jikinsa shi ne wanda ya riga ya haddace: babba yana huce haushinsa a kan ƙarami. Akwai kuma asarar da ta fi wannan. Daidai lokacin da ƙanwarsa ke kuka, lokacin ne ƙofar tausayi take buɗe, ga hawaye yana gani, ga shatin farcensa a hannunta. Da bulala ta sauka, hankalinsa ya bar kanta ya koma kan bayansa da ke raɗaɗi. Ya tashi daga wanda ya yi cuta ya koma wanda aka cuta, kuma a ransa ita ce ta ja masa. Gobe zai jira sai kin shiga wanka. A 2016 Elizabeth Gershoff da Andrew Grogan-Kaylor a Amurka sun tattara binciken shekaru kusan 50 a kan yara fiye da 160,000, suka ga waɗanda ake duka sun fi yawan faɗa da cin zali, ba su kuma fi sauran bin umarni ba. Ke ma kin gwada a gidanki, kin ce har kin gaji. "Ka ƙi naka duniya ta so shi" gargaɗi ne kada a sangarta yaro, muna kuma tare da shi. Amma maganin sangarta shi ne doka ta tsaya daram, ba a ɗaga ta don yaro ya yi birgima, wannan kuwa ba ya buƙatar tsumagiya.

Ga yadda za ki yi in abin ya faru. Duka-duka kada ya wuce minti biyu zuwa uku.

Ki isa wurin, ki riƙe hannunsa riƙo mai ƙarfi ba na murɗewa ba, ki durƙusa har idonki ya yi daidai da nasa. Ki ɗaure fuska ki ce: "A'a. Ba a mintsini. Da zafi." Shi ke nan. Sai ki sake shi ki juya ga yarinyar, ki ɗauke ta, ki duba wurin, ki rarrashe ta a gabansa. In kika daɗe a kansa, ko da faɗa kike yi, ya samu abin da ya fito nema, wato ke. In kika koma kanta da sauri, ya gane mintsini tura ki yake yi wurinta.

Da kukanta ya fara lafawa, ki jawo shi kusa ki nuna masa: "Dubi hannunta, ka ga ya yi ja? Dubi idonta. Ta ji zafi, kai ka sa ta kuka." Kada ki faɗa da muryar mai karanta labarai, bari ya ji a muryarki cewa abin ya dame ki. Carolyn Zahn-Waxler da abokan aikinta sun bi wasu iyaye mata da ƙananan 'ya'yansu a Amurka, aka wallafa sakamakon a 1979. Uwayen da ke bayyana wa yaro illar abin da ya yi wa wani, da murya mai nuna abin ya taɓa su, 'ya'yansu sun fi yunƙurin gyara ɓarnarsu da taimakon wanda ke cikin damuwa. Masu tsayawa a "bari!" kawai ba dalili, nasu ba su kai haka ba.

Sai matakin da yawancinmu muke tsallakewa, alhali shi ne ƙashin bayan abin: ki ba shi aikin gyara. "Ɗebo ruwa a kofi mu shafa mata." "Ɗauko mata zaninta." "Mayar mata da abin da ka karɓe." In ya tsaya turus ki ba shi zaɓi, kada ya wuce biyu. Yaro ya fi riƙe abin da hannunsa ya yi a kan abin da bakinsa ya furta. "Yi haƙuri" ɗin da kike tilasta masa ya zame masa kuɗin tara: ya biya, an sallame shi, ciniki ya ƙare. Kada ki daina koya masa kalmar, amma ki mayar da ita bayan aikin, ki kuma bari ya riƙa jin ta a bakinki: "Sannu, yi haƙuri, ga yayanki nan zai kawo miki ruwa." In ya faɗa da kansa, madalla. In bai faɗa ba amma ya kawo ruwan, kin ci ribar ranar.

Zai ƙi wata rana, ya noƙe kafaɗa ko ya ruga bayan ɗaki. Kada ki bi shi da gudu, kin mayar masa da abin tsere ke nan. Ki yi gyaran da kanki, ki ce "in ka shirya ga kofin nan." In ya dawo ya zauna kusa da ke a tabarma minti huɗu ba wasa, abin da aka yi rigimar a kansa kuma ki ɗora shi sama har bayan la'asar. Hukunci ƙarami da ke zuwa nan take, kuma ba ya fashi, ya fi babba da ke zuwa sai ranar da ranki ya ɓaci. "Bari babanka ya dawo" ba ta aiki a wannan shekarun. Kafin magariba ya manta laifin, abin da zai tuna kawai shi ne babansa ya shigo ya hau shi da duka.

Bayan ƙura ta lafa, lokacin wanka ko cin abinci, sai ki koma ta ɓangarensa. "Ɗazu ka ji haushi da ta rushe maka gini ko?" Ki saurara. Ki yarda da haushin, ki hana mintsinin: "Ni ma ina jin haushi wani lokaci. Amma ba a mintsini. In ta sake ka ce mata bari, in ta ƙi ka kira ni." Sannan ku gwada kamar wasa. Ke ki zama ƙanwar, ki kai hannu kan motarsa, shi ya ce "bari! Umma zo." Sau biyu ko uku ya isa. Sharaɗin dai shi ne ranar da ya kira ki da gaske ki zo, ko tuwo kike tuƙawa, ki kuma ɗauke ta daga kan kayansa. In ya kira sau biyu ba ki zo ba zai koma ga farcensa, don shi bai taɓa saɓa masa alkawari ba.

Abin da ya fi ɓata wannan tsari shi ne baki. Doguwar nasiha ba ta shiga, daga jimla ta uku ya daina ji. Ba da labarin laifinsa ga baƙi yana tsaye kunya kawai yake haifarwa, yaro mai jin kunya kuwa kansa yake tunani. Mafi muni shi ne laƙabi: mugu, azzalumi, mai baƙar zuciya, halin dangin wane. Ba banza ake tsoron bakin uwa ba. Sunan da kika raɗa masa zai ɗauka ya sa kamar riga. Ki kira aikin da sunansa, "mintsini mugunta ne," ki bar yaron da nasa.

Ki gyara shari'ar gidan kuma. Samo kwali ko tsohuwar jaka, ya zaɓi abubuwa uku ko huɗu da ya fi so, a ajiye inda hannunta ba ya kaiwa, a sanar cewa waɗannan nasa ne, ba mai taɓawa sai da izininsa. Sauran kayan wasa na kowa ne, bi da bi: "ita yanzu, in na gama yanka albasar nan sai kai." Ki ɗaure lokacin da abin da yake gani da ido, don "minti biyar" ba ta da ma'ana a wurinsa. Rowarsa kada ta tayar miki da hankali. A wani gwaji da Ernst Fehr da abokansa suka yi da alewa a Suwizalan, aka wallafa a 2008, 'yan shekara 3 zuwa 4 mafi yawansu kansu suka sani, sai wajen shekara 7 zuwa 8 son raba daidai ya kankama. Yaron da ya tabbata ba za a ƙwace nasa ba ya fi saurin ba da aro.

Akwai tambayar da ba ki yi ba, mu za mu yi miki: yaushe rabon da ki ɗora shi a cinya? Ɗan fari ne, mun kuma san al'adarmu ta kunyar ɗan fari. Ba a kiran sunansa, ba a wasa da shi gaban mutane, wata uwar ko kallonsa ba ta yi in surukai na wurin. A babban gida irin na da wannan bai cika yin illa ba, don akwai kaka da goggo da matan baffanni, yaro ya sauka daga wannan cinya ya faɗa waccan. Yau da yawa daga uwa sai 'ya'yanta a gidan haya, in ta ja jiki babu mai maye gurbinta. Sai yaro ya zauna yana kallo ana yi wa ƙanwarsa rawa da kirari, shi ba a kiran sa sai aike ko faɗa. Ba mu ce ki yar da kunya ba, ki ci gaba da sakaya sunansa in kina so. Amma ki ware masa minti 10 zuwa 15 kullum, lokacin barcin ranar ƙanwar ko bayan isha'i, ku biyu kawai, waya a ajiye. Shi zai zaɓi abin da za a yi, ke ki bi, ba gyara, ba tambayar karatu. Kada ki soke wannan lokacin don ya yi laifi da rana. Ranar laifin ce ya fi buƙatarsa.

Maigidan kuma ki same shi lokacin da yake cikin nishaɗi, ku yi maganar "namiji ne." Jarumta daban, cin zalin na ƙasa daban. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya sumbaci jikansa Hasan, Aƙra'u bin Habis yana zaune, sai ya ce shi 'ya'yansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba. Annabi ya dube shi ya ce wanda ba ya jin ƙai ba za a ji ƙansa ba. Ranar da ɗansa Ibrahim ke gargarar rasuwa kuma idanunsa sun zubar da hawaye, har Abdurrahman bin Auf ya yi mamaki, ya ce masa wannan rahama ce. Yaron da in ya faɗi ya kuje gwiwa ake ce wa "tashi, namiji ba ya kuka," ko a bushe masa da dariya, ya koyi cewa haka ake yi wa mai kuka. Ki lura, ƙila dariyar da yake yi wa ƙanwarsa a gidan ya tsince ta. In ya faɗi a ce masa "sannu, ka ji zafi ko? Mu gani," a wanke wurin, sannan a ce "tashi, jarumi." In uban ne ya yi haka abin ya fi shiga, don tafiyarsa da zamansa yaron ke kwaikwayo.

Abu na gaba, ki ba shi abin da zai kula da shi. Beatrice da John Whiting na Jami'ar Harvard sun jagoranci nazarin yara a al'ummomi shida, aka wallafa a 1975. Waɗanda suka fi taimako da kula da wasu su ne yaran ƙauyukan Kenya da Meziko da Filifin, inda ake raino da ɗebo ruwa da kiwo tun da ƙuruciya. Na garin da aka duba a Amurka, da ba su da irin waɗannan ayyuka, suna can baya. Wannan abu ne da gidan Bahaushe ya daɗe da shi, yanzu muke sakinsa da sunan gata.

Ɗan tsakon da ya ja da zare, shi za ki damƙa masa. Kowace safiya ya watsa wa kajin tsaki cikin tafin hannunsa ɗaya, ya wanke kaskon ruwansu ya zuba sabo, da yamma ya taya ki ƙirga su a akurki. Ki nuna masa yadda ake ɗaukar ɗan tsako: hannu biyu, a tallafo shi ta ƙasa, ba matsewa, ba a ɗaga shi ta fiffike ko ƙafa. Ki sa ya ji bugun ƙirjinsa a yatsa, ki ce "ka ji? Tsoro yake ji, sassauta." Satin farko kina tsaye a kansa, ya kuma wanke hannu da sabulu in ya gama. Da dare ki ba shi labarin da Abu Dawud ya ruwaito, na tsuntsuwar da sahabbai suka ɗauke wa 'ya'ya biyu, ta zo tana kaɗa fiffike a kansu, Annabi ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali ya ce a mayar mata da su. Ki ba shi na mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa a huffinsa ya shayar da kare, Allah ya gafarta masa. Na matar da ta shiga wuta saboda kyanwa ki ajiye sai ya ƙara wayo, a yanzu wutar kawai zai riƙe ya manta da kyanwar. Tatsuniya ma ta yi. In Gizo ya cinye abinci shi kaɗai, ki tsaya ki tambaye shi yadda Ƙoƙi ta ji. Tambaya ɗaya ko biyu, kada ki mayar da tatsuniya jarrabawa.

A kan ƙanwar ma ki ba shi muƙami: shi ne mai miƙo man shafawa bayan wanka, mai riƙe mata kofi, mai nemo takalminta. Kada ki biya shi da alewa ko kuɗi. Warneken da Tomasello sun sake gwaji a 2008 da yara 'yan wata 20, suka ga waɗanda aka saba ba lada in sun taimaka sun rage taimakon da aka daina bayarwa, waɗanda ba a ba komai ba ko aka yaba musu kawai suka ci gaba. Yabon ya zama mai nuna sakamako: "Ka ga ta daina kuka da ka kawo mata? Kai mai taimako ne." Wanda ya fi wannan ƙarfi shi ne ki faɗa wa babansa ko kakarsa kamar ba ki san yana ji ba.

Maganar almajirin ita ce ta fi sauƙin ganewa, ta kuma fi ɗaci. Ɗan shekara 4 ba ya ƙirƙiro kalmar "ƙazami" ya san wa ake jifa da ita. Ji ya yi, a gida ko a unguwa ko a makaranta. Ki yi sati ɗaya kina sauraren yadda manyan gidan ke magana da almajiri da 'yar aiki da mai ga-ruwa, da abin da ake faɗa bayan sun juya baya. Jimloli biyu ki kore su daga gidanki: "in ba ka ci ba zan ba almajiri," da "zan kai ka almajiranci." Ta farko ta mayar da almajiri bola, ta biyu ta mayar da rayuwarsa hukuncin masu laifi. Ki tambayi yaron sunansa da garinsu in ba ki sani ba, ki ba shi haƙuri da bakinki ɗanki yana ji. Bayan ya tafi ki ce wa naki: "Shi ma yaro ne kamar kai. Mamarsa tana nesa, babu mai yi masa wanka da wanki." Daga nan shi ne mai kai abincin, da hannu biyu, ya kira shi da sunansa, abincin kuma ya zama irin wanda ku ma za ku ci, ba wanda ya kwana ya yi tsami ba. Ranar Juma'a ki haɗa masa da sabulu ya miƙa. Haka za ki yi in ya nuna gurgu ko makaho da yatsa a hanya: ki sauke hannun a hankali, ku gaishe da mutumin, bayanin ya biyo baya a gida.

Ki duba abin da yake kallo a waya. Bidiyon da ake tsorata mutum ko ya faɗi a sa sautin dariya a kai, darasi ne kai tsaye cewa wahalar wani abin nishaɗi ce. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ce yara 'yan shekara 2 zuwa 4 kada kallonsu ya wuce awa ɗaya a rana, 'yan shekara 3 zuwa 4 kuma suna buƙatar barcin awa 10 zuwa 13, har da na rana. Ki samu takarda ki riƙa rubuta lokacin da kowane mintsini ya faru da abin da ya gabace shi, na tsawon sati. Sau da yawa za ki ga sun taru wuri ɗaya, dawowa daga makaranta da yunwa, ko gab da magariba kina kan girki shi kuma ya gaji. In haka ne, rabin maganin ɗan abin taɓawa ne da wuri, da goya ƙanwar a wannan lokacin.

Takardar nan ita ce ma'auninki. Satin farko abin yana iya ƙaruwa, don zai gwada ya ga ko da gaske kike. Ki ba tsarin wata ɗaya zuwa biyu, ki duba ko adadin yana raguwa, kada ki jira ya ɓace gaba ɗaya. Ki faɗa wa kakarsa da duk mai kula da shi kalmomin da kike amfani da su, don in ke kin hana wani ya yi dariya, aikin ya koma baya. Kafin nan kada ki bar su su biyu ba babba, ko na shiga wanka ne, musamman kusa da murhu ko rijiya ko bokiti mai ruwa.

Akwai alamomin da in kin gan su ba a jira. In yana shirya cutar a ɓoye da reza ko wuƙa ko wuta, in yana kashe dabbobi yana maimaitawa, in ya ji wa ƙanwar ciwo na gaske bai ko girgiza ba, ki kai shi ga likitan yara. Haka in maganarsa ta yi baya da ta sa'o'insa, ko ba ya waiwayowa in an kira shi, ko ba ya haɗa ido da mutane, a duba jinsa da girmansa. In kuma halin ya sauya ne farat ɗaya, da fitsarin kwance bayan ya daina, da firgita cikin barci, ko ƙin zuwa wani wuri da ya saba zuwa, ki binciki ko wani ne ke cin zalinsa a makaranta ko a unguwa, ki duba jikinsa lokacin wanka, ki tambaye shi a hankali ba da tsawa ba. Tunda kina Zariya, sashen yara na asibitin koyarwa da ke Shika yana kusa da ke. Ki tafi da takardar da kika rubuta, likitan zai tambaye ki sau nawa abin ke faruwa, da wane lokaci, da kuma tun yaushe.